Yadda Za Ki Fara Sana'ar Kayan Ado Na Wuri Da Ɓawon Teku Daga Gida A Jos Ko Abuja

Daga Jos ko Abuja zuwa bakin teku tafiyar yini ce cur a mota, amma wannan bai hana sarƙar wuri, awarwaron duwatsu masu ruwan shuɗi da 'yan kunnen ɓawon teku samun kasuwa ba. Wuri ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Daga Tekun Indiya ake kawo shi tun da can, musamman tsibiran Maldif, kuma da shi aka yi ciniki a kasuwanninmu har farkon ƙarni na 20. Abin da ya sauya kawai shi ne salo. Sana'ar ba ta bukatar shago, tebur ɗaya da haske mai kyau sun isa. Inda ake faɗuwa shi ne ƙarko: zare ya tsinke, maɗauri ya yi tsatsa, launi ya zuba a wuyan mai saye. Don haka mafi yawan bayanin nan a kan ƙarko zai tsaya.

Fara da kaɗan

Kada ki buɗe da kaya kala ashirin. Zaɓi samfuri biyar ko shida: gajeriyar sarƙar wuya, awarwaro, abin ƙafa, 'yan kunne kala biyu, da jigida ɗaya. Ki tsayar da launuka uku ko huɗu da ke tuna wa mutum bakin ruwa, wato fari, ruwan rairayi, shuɗi mai haske da tsanwa-tsanwa, sai ɗan ja irin na murjani a matsayin ƙawa. Idan launukan sun zama ɗaya a duk kayan, ragowar duwatsun sarƙa za su shiga awarwaro, ba abin da zai kwanta miki a kwali. Mai saye kuma za ta gane aikinki tun daga hoto.

Kayan aiki da inda ake samunsu

Filaya uku ake bukata: mai zagayayyen baki don lanƙwasa waya, mai shafaffen baki don riƙewa da matsewa, da mai yanka. Ki ƙara da awon tela, sanfefa mai kaushi lamba 80 da mai laushi lamba 400, gam mai ƙarfi marar launi, da farin tawul da za ki shimfiɗa a tebur don kada duwatsu su riƙa gangarewa.

A Abuja ana samun duwatsu da ƙananan ƙarafa a Kasuwar Wuse da ta Garki, a Jos kuma wajen Terminus. Idan ciniki ya kankama, sari daga Kasuwar Balogun a Legas ya fi sauƙi, wasu kuma suna yin oda daga Sin ta intanet. Ki san sunayen da 'yan kasuwa ke kiran kayan, in ba haka ba za a miƙo miki abin da ba shi ba. Wayar da aka lulluɓe da roba ita ce taiga-tel, ki nemi mai kaurin milimita 0.38 ga ƙananan duwatsu, 0.45 ga wuri da masu nauyi. Ɗan bututun da ake matsewa a bakin waya shi ne sitofa, mai milimita 2. Sai fishin layin, wato zaren kamun kifi, da zaren roba mai milimita 0.8 ko 1, da zare mai kakin zuma na milimita 1, da ƙananan zobban haɗi na milimita 5 zuwa 6, da huk, wato maɗaurin sarƙa.

A kan ƙarfe kada ki yi rowa. Huk da zobba masu arha ƙarfe ne aka shafa wa ruwan gwal siriri. Zufar Abuja ta watan Maris da Afrilu tana cinye shi cikin makonni, ya koma baƙi ko ya bar kore a fata. Da yawansu kuma akwai sinadarin nikel a ciki, shi ne ke sa kunnen wasu ƙaiƙayi da ruwa. Ki sayi sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304 ko 316L, ko azurfa mai tambarin 925 ga kaya masu tsada. Bambancin kuɗin a kan sarƙa ɗaya kaɗan ne, amma shi ke raba wadda za a dawo wa da wadda za a yi wa Allah ya isa.

Mutanen Jos suna da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Garin ya daɗe da zama cibiyar cinikin duwatsu masu daraja da ake haƙowa a Filato, Nasarawa da Kaduna, ciki har da akwamarin, wanda launinsa ruwan teku ne sak. Ƙananan gutsattsarinsa da ba su kai a yanka ba sukan yi sauƙi, kuma guda ɗaya da aka naɗe da waya a tsakiyar sarƙa yana ɗaga darajarta. Sai dai ki tafi da wanda ya san dutse. Gilashi mai launi yakan nuna 'yan kumfa a ciki idan an ɗaga shi a haske, kuma yana saurin ɗaukar ɗumin hannu fiye da dutse.

Tantance kaya kafin a fara shiryawa

Wuri na roba ya cika kasuwa. Na gaske ya fi nauyi da sanyi, kuma babu guda biyu masu kama ɗaya daidai. Idan kina shakka, ki ɗumama allura a wuta ki taɓa cikinsa: roba za ta narke ta yi wari, na gaske ba abin da zai same shi. Murjani kuwa, yawancin wanda ake sayarwa da arha rinanne ne ko gilashi. Ba laifi a yi aiki da shi, amma ki faɗa wa mai saye gaskiya.

Duk duwatsu masu launi da kika sayo, ki ɗebi kaɗan ki jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan sabulu su kwana, da safe ki goga a farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauki launi, to a wuyan farar atamfa ko leshin wata zai sauka. Irin waɗannan kada su shiga jigida ko abin ƙafa ko kaɗan, tunda su ne suka fi haɗuwa da ruwa da zufa.

Wankewa da huda ɓawo

Ɓawon da aka tsinto daga bakin ruwa, a Badagry ne ko a Lekki da ke Legas, yana zuwa da ƙarni, saboda ragowar naman halittar da ke ciki. Ki wanke da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori. Masu kaushi da farare ki jiƙa su a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi uku ruwa, na awa biyu zuwa uku, ki ɗauraye sosai, ki shanya a inuwa kwana biyu. Wuri da duk mai sheƙi kada ya ga bilic, yana kashe ƙyallinsa. Ruwan tsami da lemun tsami kuma haramun ne a wannan aikin, domin ɓawo sinadarin alli ne, tsami na narkar da shi. Bayan ya bushe, ɗigon man jarirai a ƙyalle yana fito da launinsa.

Huda ita ce inda aka fi asara. Ki sami ƙaramin injin huda na hannu mai batir, da baki mai ƙurar daimon na milimita 1 zuwa 1.5. Sa ɗan katako a cikin faranti mai zurfi, ɗora ɓawon a kai, zuba ruwa har ya ɗan rufe shi. Ruwan na sanyaya bakin injin, yana kuma kama ƙurar, wadda shaƙarta ke cutar da huhu. Mai batir muka ce saboda ruwa da wayar wutar lantarki ba sa haɗuwa. Ki yi alama aƙalla milimita 3 daga gefe. Fara a karkace har bakin ya kama, sannan ki miƙe shi tsaye, ki riƙa ɗagawa kina mayarwa a hankali. Kada ki danna. Ɓawo na tsagewa ne saboda abu uku: dannawa da ƙarfi, zafi, ko huda kusa da baki. Ko da ruwa, ki sa takunkumi da tabarau.

Wuri yawanci ana sayar da shi an riga an yanke bayansa. In cikakke kika samu, ki jiƙa sanfefa mai kaushi, ki goga ƙusumbin bayan a kai har ya buɗe, sannan ki bi gefen da mai laushi. Ki shafa da yatsa: in ya karce ki, zai yanke zare.

Haɗa sarƙa

Ga awon da aka saba: mai kama wuya santimita 35 zuwa 40, mai sauka kan ƙirji 45, awarwaro 17 zuwa 18, abin ƙafa 23 zuwa 25. Ki ƙara 'yar sarƙar ƙari ta santimita 5 a ƙarshe, don ta shiga wuya daban-daban. Jigida kuwa sai da awon mai ita.

Yanki taiga-tel da ya fi tsawon da kike so da santimita 10. Zura sitofa, zura huk, ki mayar da bakin wayar ta cikin sitofar, ki bar 'yar kafa yadda huk zai yi motsi, sannan ki matse. Ki tabbata wayoyin biyu suna kwance gefe da gefe a ciki, ba su haye juna ba, domin in sun haye, matsewar na yanke ɗaya. Jera duwatsun, ki ɓoye guntun wayar a cikin uku na farko. Duk inda ɓawo zai zauna, ki sa ƙaramin dutse mai santsi a kowane gefensa don kada ya ci wayar.

Kafin ki matse ƙarshe na biyu, ki lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira kamar tana wuya. Wannan ɗan matakin ne da yawa ke tsallakewa. In an matse ta a miƙe, duwatsun sun cushe, ranar da aka sa ta za ta ƙage, ba da jimawa ba ta tsinke. Bayan an gama, ki ja da hannu biyu da ɗan ƙarfi. Gara ta tsinke a teburinki.

Zobban haɗi ba a buɗe su ta hanyar ware baki hagu da dama. Riƙe kowane gefe da filaya, ki murɗa ɗaya gaba ɗaya baya, haka kuma za ki mayar. In an ware, zoben ba ya komawa daidai, siririn zare zai sulale ta kafar.

Awarwaron roba yana da nasa sharaɗin. Ki jajja zaren sau da yawa kafin ki fara zurawa, in ba haka ba zai saki bayan sati. Ƙulli biyu za ki yi, na biyun ki zagaya sau biyu, ki ɗiga gam kaɗan, ki bari ya bushe yini guda, sannan ki ja ƙullin cikin ramin dutse. Ɓawon da aka huda da hannu bai dace da roba ba, yana yanka ta. Roba kuma tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, zafi da bushewar hunturu na ƙara mata saurin mutuwa, don haka kada ki yi sarin da zai shekara, kuma ki ajiye ta a rufaffen mazubi nesa da taga.

Sa farashi

Ki lissafa kuɗin duk abin da ya shiga, har sitofa da ledar da za a sa kayan. Ƙara ladan aikinki gwargwadon lokacin da ya ci, sannan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na data, sufuri, caji da ɓawon da ya fashe. A ce kaya sun ci naira 2,000, aiki 1,500, sauran 500, jimla 4,000 ke nan. Wannan shi ne uwar kuɗi, ba farashi ba. Mai sari za ki ba ta a kan kamar 6,000, mai sayen ɗaya 8,000. Waɗanda ke mantawa da ladan hannunsu sukan ga ciniki na tafiya amma jari na ƙanƙancewa. Farashin kaya na motsi da canjin dala, saboda haka duk sarin da kika yi ki sake lissafi.

Sanin masu saye

Akwai maganar da ya kamata a faɗa a fili. Wasu mutanenmu suna danganta wuri da bori ko duba, ba za su sa shi ba ko kyauta aka ba su. Kada ki yi musu da su. Kowane samfuri ki yi shi iri biyu, ɗaya da wuri, ɗaya da farin ɓawo ko lu'ulu'un ruwa. Kuma wuri ɗaya ko uku a tsakiyar duwatsu masu launi ya fi karɓuwa a kan sarƙar da aka cika da shi. Ki tuna da masu hijabi: su awarwaro, zobe, abin ƙafa da adon jaka ko waya sun fi yi musu amfani a kan sarƙar da ba za a gani ba.

Kasuwa na tashi gab da Sallah ƙarama da babba, da Kirsimeti musamman a Jos, da lokacin bukukuwa. Odar ƙawayen amarya, guda ashirin ko talatin masu launin anko, ta fi cinikin wata guda na ɗai-ɗai. A irin wannan ki karɓi rabin kuɗi kafin ki yanka waya.

Hoto ki ɗauka kusa da taga da safe, ba da fitilar waya ba, a kan farin ƙyalle ko tiren da aka zuba wa rairayi mai tsabta. Kada ki ƙara wa launi armashi, shi ke jawo “Hajiya, ba wannan na gani a hoto ba”. Ki rubuta tsawo, irin ƙarfe da farashi a ƙarƙashin kowane hoto a WhatsApp, Instagram ko TikTok. Idan abu ya zauna, ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ki buɗe asusun banki da sunan, ki raba kuɗin sana'a da na cefane.

Wajen aikawa, ki naɗe kowane ɓawo da auduga ko tishu, ki sa a ƙaramin kwali mai tauri, domin ambulan ba ta kare shi daga nauyin kaya a but ɗin mota. Cikin gari mai babur ya wadatar, zuwa wata jiha kuma kamfanin aika saƙo ko direban tasha, ki karɓi lambarsa da ta motar ki tura wa mai kaya. A cikin kwalin ki sa 'yar takarda: a fesa turare ya bushe kafin a sa, a cire kafin wanka, kada a rataye shi kusa da kaskon turaren wuta don hayaƙi na sa farin ɓawo ya yi rawaya, a goge da busasshen ƙyalle a ajiye a ledarsa. Ki ƙara da cewa in ya tsinke cikin wata uku za ki gyara kyauta, kuma duk wanda aka dawo da shi ki duba daidai inda ya tsinke kafin ki sake shirya shi.