Yadda Ake Bambance Katalis da Rezoneta a Salansar Mota

'Yan'uwa masu zuwa Sana'iyyar Jidda (unguwar garejojin gyaran mota) sun yawaita tambayar yadda ake bambance katalis (mai rage gubar hayaƙin mota) da rezoneta (mai rage ƙarar salansa), ga matakan:

1. Kashe mota, ka bari ta huce awa guda. Katalis na wuce digiri 400, yana ƙona hannu nan take.
2. Ɗaga motar, ka tokare ta da ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. Bi bututun daga inji. Tulun farko galibi katalis ne.
4. Nemi sensa (ƙaramar na'urar auna iskar hayaƙi) mai waya gabansa da bayansa. Rezoneta ba ta da sensa.
5. In an kwance, haska tocila ciki. Katalis kamar saƙar zuma yake, rezoneta kuwa bututu ne mai huji-huji.
6. Kada ka buga da guduma, saƙar tana farfashewa, sai Fahas (gwajin lafiyar mota na hukuma a Saudiyya) ya gagara.