Yadda za a koya wa ɗalibai alaƙar halittu a harabar makaranta

Darasin nan ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare da 'yan ajin farko na ƙaramar sakandare, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Abin da littattafan kimiyya suka saba kawowa shi ne ciyawa, barewa, zaki. Yaro zai haddace, ya rubuta a jarrabawa, bai taɓa kawowa a ransa cewa ƙadangaren da ke kan katangar ajinsu yana cikin lissafin ba. Saboda haka a fara da abin da ke harabar makaranta, da sunayen da yaran suka taso da su. Yaron da ke kai awaki kiwo da yamma sau da yawa ya fi malaminsa sanin ciyayi, kuma darasin ne zai ci ribar hakan.

A raba aji rukuni-rukuni, mutum shida-shida. In sun wuce haka, biyu ne za su yi aikin, saura su tafi harbin tsuntsu. Kowane rukuni a ba shi igiya mai tsawon mita huɗu, turaku huɗu, gwangwanin madara ko na tumatir wanda aka daddale bakinsa don kada ya yanki hannu, farin faranti, cokali, da littafin rubutu guda. Lokacin da ya fi kyau shi ne makonnin farko bayan dawowa daga dogon hutu, a watan Satumba, ƙasa da sauran danshi, ciyayi sun yi fure sun fara 'ya'ya.

Ƙidayar farko

A zaɓi wurare uku da suka bambanta: filin ƙwallo da ƙafa ta tattake, ƙarƙashin wata babbar bishiya, da gefen katanga ko bayan aji inda ba a shara. Kada a bar yara su zaɓi inda za su kafa turaku, don kai tsaye wurin da ya fi duhun ciyawa za su nufa. Ɗaya ya juya baya ya jefa tsakuwa, inda ta faɗi nan ne kusurwar farko. A ɗaure igiyar ta yi murabba'i, kowane gefe mita ɗaya. A ba su minti goma sha biyar.

Iri ake ƙirgawa, ba yawa ba. Ƙarangiya hamsin iri ɗaya ce. Abin da za su fi samu shi ne harkiya, komayya, tsidau, tafasa, rai-ɗore, gasaya, sai tururuwa, cinnaka, fara da gizo-gizo. Wanda ba a san sunansa ba a ba shi lamba, a tsinki ganye ɗaya a danne cikin littafi, a kai wa wani manomi ko mai maganin gargajiya. Kuskuren da ya fi faruwa shi ne ƙirga abu ɗaya sau biyu saboda yaran sun fito daga garuruwa dabam-dabam: wannan ya ce darbejiya, wancan ya ce dogon yaro. A ajiye ganyen biyu kusa da juna su da kansu su yanke hukunci. Bayan an rubuta sakamako a allo, malami ya yi tambaya ɗaya ya yi shiru: me ya sa gefen katanga ya fi filin ƙwallo? Amsoshin inuwa, danshi, takun ƙafa da shara daga bakinsu za su fito.

Tarkon gwangwani

Yawancin masu yawo a ƙasa da dare suke fita. A huda ƙasan gwangwanin da ƙusa wuri uku ko huɗu don ruwa ya tsiyaye, a binne shi bakinsa ya yi daidai da ƙasa. In bakin ya ɗago ko da faɗin yatsa ne, ƙwaro zai kewaye shi ya wuce, da safe a tarar da wayam. A zuba ɗan busasshen ganye a ciki, a ɗora sakaina ko fasasshen kasko a kan duwatsu huɗu ya zama rumfa, a bar tazarar yatsa biyu. A ɗana lokacin tashi daga makaranta, a duba da sassafe kafin rana ta gasa abin da ya faɗa.

Doka ɗaya ba a sassauta ta: ba a sa hannu cikin gwangwani. Kunama da shanshani suna faɗawa. Malami ne zai juye a faranti, a motsa da cokali. Wani lokaci za a tarar da gizo-gizo guda ya ƙoshi, gefensa ƙafafu da fikafikan waɗanda ya cinye. Ba asara aka yi ba, darasin ne ya kawo kansa. In an gama dubawa a sake su inda aka kama su, a cike ramin.

Wasan zare

Nan ne zuciyar aikin, kuma a ba shi darasi biyu cur. Yara goma sha biyar zuwa ashirin su yi da'ira, saura su zauna su zama alƙalai. Kowa a rataya masa kwali mai sunan halitta ɗaya daga cikin waɗanda aka gani ko aka sani a garin: gero, gawo, kuka, wake, fara, ƙudan zuma, jemage, ƙadangare, kwaɗo, ɓera, mujiya, shirwa, belbela, saniya, akuya, buzuzu, gara, ungulu, mutum. Kada a manta da mutum, kada kuma a manta da gara da buzuzu. Ɗaya ya tsaya tsakiya a matsayin rana, shi ke riƙe da bakin zaren saƙa.

Mai miƙa zare sai ya faɗi dalili da cikakkiyar jimla: "Ni ce fara, ganyen gero nake ci." In alƙalai ba su yarda ba, zare ba ya wucewa. Zagayen farko yara za su tsaya kan ci da cinyewa kawai. A zagaye na biyu a hana ambaton ci, a ce a nemo wata alaƙar. Belbela tana bin shanu ne don ta kama ƙwarin da takunsu ke tayarwa. Carki yana cire musu kaska. Furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemage ne ke zuwa shan ruwansu yana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, don haka mai son garin 'ya'yan kuka a kununsa ko daddawa a miyarsa yana da bashin jemage a kansa. Kauci kuwa tsuntsu ne ke shuka shi, in ya ci 'ya'yan ya goge irin mai danƙo a jikin reshe.

Gawo ya fi kowa tara zare. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya yi ganye da rani. Ganyen da ya zube taki ne, dabbobin da ke hutawa a inuwarsa suna ƙara nasu, shi ya sa geron gindinsa ke fin na sauran gona. Awaki suna cin 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare, irin ya fito cikin kashinsu ya tsira a wani wuri. Manoman yankunan Maraɗi da Damagaram sun dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture da kula da shi maimakon sarewa, kuma gawo na cikin waɗanda suka fi bari.

In zare ya sarƙe ko'ina, kowa ya ja da baya kaɗan ya yi tsauri. Sai malami ya ce an sare gawo. Mai gawo ya saki nasa. Duk wanda ya ji zarensa ya yi sako-sako ya ɗaga hannu ya saki shi ma, a bi a ga inda abin zai tsaya. A maimaita da mujiya. A nan wasu za su yi murna, don an taso da cewa tsuntsuwar sharri ce. Ba sai an yi musu da abin da aka faɗa musu a gida ba, a tambaye su kawai wa zai rage ɓeran da ke shiga rumbu.

Abubuwa biyu ke ɓata wasan. Na farko jan zare da ƙarfi har ya tsinke, don haka a sa su naɗa shi a yatsa sau ɗaya tak. Na biyu yana fitowa ne in an koma zane a littafi: yara suna juya kibiya ta nuna daga mai ci zuwa abincinsa. Kibiya hanyar da abinci ya bi take nunawa, daga gero zuwa fara, daga fara zuwa ƙadangare.

Aikin gida: kowa ya tambayi kakansa ko wani dattijon unguwa abin da ake gani da, yanzu ba a gani. Ungulu za ta fito a yawancin amsoshi, musamman daga waɗanda suka san mahauta. A ba su labarin Indiya: daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda maganin diclofenac da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita. A 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi.

Gwajin kabewa

A nemi izinin mai gona ko lambu da ke kusa. Kabewa tana da fure iri biyu a jiki ɗaya: macen tana da ɗan kumburi a gindinta, wato 'yar kabewar, namijin kuwa siririn tsinke ne kawai ke riƙe da shi. Da asuba furen ke buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane. A nemi furanni mata da suka fara yin rawaya amma ba su buɗe ba, a rufe biyar da ƙyallen tsohon mayafi mai shara-shara a ɗaure, a bar biyar a buɗe. Wasu biyar a rufe su, washegari da safe a kwance, a tsinko namiji a cire masa ganyen fure a goga tsakiyarsa a tsakiyar macen, a mayar da rufin. Kowane kashi a ɗaura masa zare mai launi dabam. Da wuya a sami mata goma sha biyar rana ɗaya, a tara su cikin mako biyu.

Bayan kwana bakwai, waɗanda aka rufe ba a taɓa ba za su yi rawaya su faɗi, sauran su fara girma. In rufaffe ya yi ɗa, an rufe shi ne bayan ƙudan zuma ya riga ya shiga da garin furen namiji. In duka suka zube, ko dai ƙishirwa ce, ko kabewar na ɗauke da babban ɗa tana zubar da na baya, ko an yi feshin maganin ƙwari a kusa. Kada a rufe da leda, zafi ne zai dafa furen. Kada kuma a yanko gidan sauro mai magani.

Tunda an shiga gona, a haƙo gindin wake ɗaya da ya fara fure. Haƙowa za a yi, in aka tuge ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar a ƙasa za su tsaya. A wanke, malami ya tsaga ɗaya da reza. In cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke zaune ciki suna aikin samar wa waken sinadarin taki daga iska. A ajiye saiwar gero kusa a ga ba ta da su. Ƙullin gaske a gefen saiwa yake maƙale, ana iya ɓantare shi da farce. Wanda saiwar ce da kanta ta kumbura, ciwo ne na tsutsar ƙasa.

A adana littattafan rukunoni, a sa dutse ko alama inda aka kafa turaku. A watan Fabrairu ko Maris a koma wuraren uku da igiya ɗaya, minti goma sha biyar ɗin nan, a rubuta sabon adadi kusa da na Satumba. Inda suka ce babu komai, a sa su kankare ƙasar saman su zuba a gwangwani, su riƙa ba ta ruwa kwana goma, su ƙirga irin da ya tsiro.