Babi na shida: Yadda ake ɗanɗana shayi mai igiya na lemu da kayan ƙamshi

Toh jama'a, darasin yau na baki ne da hanci, amma biro da littafi ma su kasance kusa don akwai rubutu da ɗan lissafi a ciki. Abin da za mu koya shi ne yadda mutum zai ɗauki shayin nan da ake ƙullewa a 'yar jaka mai igiya, wanda aka haɗa da ƙamshin lemu ko kirfa ko kanumfari ko citta, ya sha ya iya faɗin abin da ya ji, ba kawai ya ce "da daɗi" ko "ba daɗi" ya tashi ba.

Abu guda nake so ku riƙe tun yanzu: ƙamshin da ya bugi hancinku lokacin da kuka yage ledar ba shi ne shayin ba. Kamfani ya san da hanci ake fara ciniki, shi ya sa wani shayin kana buɗe kwalin ɗaki ya ɗauka, amma ka zuba ruwa ka kurɓa sai ka ji salam, ruwan zafi ne kawai mai launi. Kamar mutumin da ya fesa turare bai yi wanka ba ne, daga nesa lafiya lau, sai an zauna kusa. Saboda haka hukunci a kofi ake yanke shi, ba a kwali ba.

Me ke cikin jakar?

Ku yage guda ɗaya ku zazzage a farin faranti. Eh asara ce ta jaka ɗaya amma ta biya. Yawanci za ku ga gari-gari baƙi ko ƙananan ƙwayoyi, ba dogon ganye ba. Dalili kuwa akasarin baƙin shayin da ake sawa a jaka inji ne yake murƙushe ganyen ya yayyaga ya murza shi, hanyar da aka fara a yankin Assam na Indiya wajajen 1930, kuma da ita ake sarrafa mafi yawan shayin Kenya a yau. Ganye in ya yi ƙanana ruwa yana saurin shigarsa, shi ya sa yake fitar da launi cikin minti ɗaya, kuma shi ya sa yake saurin yin bauri in an manta shi a kofi. Ita kanta jakar ba tsohuwar aba ba ce in an kwatanta da shayin da mutanen Sin suka daɗe suna sha, a Amurka ta ɓulla a farkon shekarun 1900.

Yanzu ku sa yatsa ku baza garin. Kuna ganin 'yan gutsattsarin ɓawon lemu masu ruwan ɗorawa? Akwai ɓarɓashin itacen kirfa ja-ja? Akwai zare-zaren citta? In akwai, toh an sa kayan da gaske. In baƙin gari ne zalla amma ƙamshi na tashi, an fesa masa man ƙamshi ne, wani lokacin kuma za ku ga wasu 'yan ƙwayoyi farare ko rawaya, ƙamshi ne aka daskarar don ya narke a ruwa. Ba wai fesawar laifi ba ce fa. Shayin nan da ya yi suna, Earl Grey, ai dama da man ɓawon wani lemu ake yinsa mai suna bagamot, wanda akasarinsa a yankin Kalabriya na kudancin Italiya ake nomawa, lemu ne da ba a shansa haka nan saboda tsami da ɗaci, man ɓawonsa ake so. Sunan shayin kuma na Charles Grey ne, firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. Kenan ba za ku ga ɓawo a cikinsa ba kuma ba ha'inci aka yi muku ba. Abin dai ku san wanne kuka riƙe.

Sai ku juya kwalin ku nemi jerin kayan haɗi. Nan karatunmu zai yi amfani. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce a fara rubuta abin da ya fi nauyi a ciki, a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta. In an zana katon lemu a gaban kwali amma ɓawon lemu ya zo can ƙarshen layi, kun dai gane. Ku lura kuma ko akwai ganyen shayi a ciki ma sam, don wasu haɗin 'ya'yan itace ne da soɓorodo da busasshen tuffa, wasu kuma jan ganyen nan ruibos na Afirka ta Kudu, waɗannan ba su da sinadarin kafin mai hana barci. Baƙin shayi da koren shayi duk daga bishiya ɗaya suke kuma duk suna da shi.

Dafawa iri ɗaya, in ba haka ba babu adalci

Masu sana'ar ɗanɗana shayi suna da ma'auni na duniya da ake kira ISO 3103, tun 1980 aka fitar da shi: giram 2 na ganye a ruwa mililita 100, tafasasshen ruwa, farin kofin tangaran, a rufe minti 6. Wannan ya yi ƙarfi da yawa ga mai shan nishaɗi, da gangan suka yi haka don duk aibin ganye ya fito fili. Mu ba sai mun kai can ba, abin da za mu ɗauka daga wajensu shi ne komai ya zama iri ɗaya. Kofi iri ɗaya, ruwa daga buta ɗaya, yawan ruwa ɗaya, lokaci ɗaya. In kun bar wannan minti biyu wancan minti biyar sannan kuka ce wancan ya fi bauri, ai ku kuka ja masa.

Jaka ɗaya tana ɗauke da ganye wajen giram 2, ku zuba mata ruwa kamar mililita 200. Baƙin shayi yana son ruwa yana tafasa ko ya ɗan sauka kaɗan, minti 3 zuwa 5. Koren shayi mai lemun tsami kuwa kar ku ƙona shi, ku bar ruwan ya ɗan huce zuwa digiri 80 ko ƙasa kaɗan, minti 2 zuwa 3 ya isa. Haɗin da babu ganyen shayi a ciki, kirfa da citta da ɓawo zalla, shi yana jure minti 5 zuwa sama don itace da saiwa ba sa saurin sakin abin da ke cikinsu. Kuma nan matsalar shayin kayan ƙamshi take: garin ganyen ya gama fita a minti uku, kirfar kuwa yanzu ta fara miƙa, toh kafin ta iso ganyen ya fara bauri. Kamfanin da ya iya haɗi shi ne wanda ya daidaita wannan, kuma da baki kaɗai za ku gane.

Ku ɗora faranti a kan kofin yayin da yake jiƙa. Man lemu yana bin tururi ya gudu, in kun ɗaga farantin ku shinshina ɗigon ruwan da ya taru a ƙasansa za ku ji abin da ya so tserewa. Kofin kuma ya zama fari a ciki kuma wankakke tas, ba warin sabulu ba. Siga da madara su dakata tukuna, sai zagaye na biyu.

Kurɓa

Harshe abu biyar kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani garɗi irin na romo. Lemu da kirfa da kanumfari duk ba harshe ke faɗa muku ba, hanci ne, ta wata hanya da ta haɗa bayan maƙogwaro da hanci. Ku gwada yanzu, ku toshe hanci da yatsu ku kurɓa, za ku ji ɗumi da ɗan ɗaci kawai, ku saki hancin sai lemun ya faɗo. Shi ya sa mai mura ba ya aikin nan, ya bari sai ya warke.

Ku bari ya ɗan huce yadda ba zai ƙona ku ba, ku ɗiba a cokali ku zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara, fuuut, iska ta shiga tare da shi. Kar kowa ya ji kunya, ƙwararrun ma haka suke yi. Ku juya shi a baki, ku haɗiye, ku rufe baki ku fitar da numfashi ta hanci. Sannan ku yi shiru ku ƙirga zuwa goma kafin ku ce komai.

Ga inda mutane suka fi rikicewa, ɗaci da bauri. Ɗaci ɗanɗano ne, can bayan harshe kuka fi lura da shi. Bauri kuwa ji ne, baki ya bushe, harshe ya yi kaushi yana kama ganɗa, dasashi ya ɗaure, saboda wasu sinadarai na ganyen suna kama yawun bakin su rage masa santsi. Ɗan bauri kaɗan shi ne ƙashin bayan baƙin shayi, in babu shi sam shayin ya zama lami, in ya yi yawa kuma sai ya danne lemun. Ni dai a wajena shayin lemu da ba a jin ganyensa ko kaɗan ya faɗi, ko da ƙamshinsa ya kai ina.

Shi ma lemun kala-kala ne. Ɓawon lemun zaƙi ƙamshinsa mai taushi ne zagayayye, da ɗan ɗaci a ƙarshe in an haɗa da farin cikin ɓawon. Lemun tsami kaifi gare shi. Bagamot yana da wani ƙamshi kamar na fure, in aka zuba shi da yawa sai ya koma kamar sabulu a baki, wannan aibi ne ku rubuta shi. Wani abin kuma, ɓawo ƙamshi yake bayarwa ba tsami ba, don haka in kun ji tsami sosai har kuna runtse ido ku koma jerin kayan haɗi, galibi za ku tarar da soɓorodo ko sinadarin tsami da aka ƙara, in ruwan ya yi ja wur ma ba sai kun duba ba. Akwai kuma ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sawa, tana ba da ƙamshin ba tare da tsami ba.

Kayan ƙamshin kuma kowanne da inda yake taɓawa. Kirfa tana sa ku ji kamar an sa siga alhali ba a sa ba, kuma iri biyu ce a kasuwar duniya, ta Siri Lanka mai laushin ƙamshi da kasiya mai ƙarfi da ɗan zafi, ita kasiyar aka fi samu a shayin jaka. Kanumfari ɗan kaɗan ya isa, man da ke cikinsa yana sa harshe ya ɗan mutu, in kun ji bakinku ya yi dindiris toh ya yi yawa kuma zai rufe kowa. Citta ba ta fitowa da wuri, sai kun haɗiye zafinta ya taso a maƙogwaro, busasshiya ma ta fi ɗanya yaji. Kadamon, wasu 'yan ƙwayoyin ƙamshi da ke cikin ɗan ƙaramin kwanso, sanyi-sanyi yake yi a hanci. In kuma zaƙi ya maƙale muku a maƙogwaro ya ƙi tafiya bayan kun haɗiye, ku duba ko an sa saiwar likoris, mai hawan jini ya yi hattara da yawan shanta don tana iya ɗaga jini.

Tambayar da za ku yi wa kowane kofi ita ce: wa ya fara zuwa, wa ya biyo, wa ya rage a baki? A haɗi mai kyau lemu ne kan fara gaisuwa, ganyen ya riƙe tsakiya, kirfa ko citta su raka ku. In abu ɗaya kuka ji tun farko har ƙarshe, haɗin bai yi ba.

Kar ku shanye. Ku ajiye rabi ya huce sosai ku dawo masa bayan minti goma sha biyar. Zafi yana ɓoye aibi, shayin da aka cika wa ƙamshin feshi in ya huce sai ya koma kamar magani ko alewa, mai kyau kuwa yana nan da mutuncinsa. Tsakanin kofi da kofi ku kuskure baki da ruwa, kuma kar ku wuce kala uku ko huɗu a zama ɗaya, ku fara da mara ƙarfi, mai kanumfari ya zo ƙarshe.

A zagaye na biyu ne za ku sa siga kaɗan ku ga ko ta fito da lemun ko ta binne shi. Madara tana tafiya da mai kirfa da citta sosai, amma duk shayin da ke da tsami na gaske, mai soɓorodo ko wanda kuka matsa wa lemun tsami, madara za ta tsinke a ciki ta yi gudaji. Ku matsa lemun tsami a baƙin shayi ma ku kalla, launinsa zai washe nan take, tsamin ne ya canza shi ba wai ya rage ƙarfi ba.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya dafa kala uku ya liƙa lamba 1, 2, 3 a gindin kofi ya ɓoye kwalayen, ɗayan ya ɗanɗana bai san wanne ne wanne ba. A littafinku ku ja layi gida biyar: launi, ƙamshi, ɗanɗano, bauri, abin da ya rage a baki. Kowane gida ku ba shi maki daga 1 zuwa 5 sannan ku rubuta kalma ɗaya ko biyu a gefe, irin su "ɓawon lemu", "kanumfari ya yi yawa", "salam bayan ya huce". Ku tara makin, mafi yawa 25 ne. Bayan nan a fito da kwalayen ku karanta jerin kayan haɗin da ƙarfi, ku ga nawa bakinku ya kama nawa ya wuce ku.

Lissafin gida: in kwali yana da jaka 25 kuma kowace giram 2 ce, giram nawa ne a kwalin? In za ku bi ma'aunin ƙwararru na giram 2 a mililita 100, jaka nawa za ku sa a ruwa rabin lita? Ku zo da amsa da kuma kwalin da babu komai a ciki, da shi za mu yi karatun kwanan wata da ranar lalacewa a babi na bakwai.