Yadda Ake Haɗa Ɗaliban Firamare da Abokan Wasiƙa ta Imel

Kafin yara su ji labarin, malaman ajujuwan biyu su fara daidaitawa tsakaninsu, domin ba abin da ke kashe musayar wasiƙa kamar shiru daga ɗaya ɓangaren. A nemi ajin da shekarun yaransa suka yi daidai da na naka, sannan a duba kalandar makarantun biyu. Makarantun Ingila suna dogon hutu a Agusta, na Ostireliya kuwa daga Disamba har ƙarshen Janairu. Wanda bai lura da wannan ba zai bar yara suna zuba ido wata guda cur. A tsayar da rana: wasiƙa ɗaya duk mako biyu, zango ɗaya tak a karon farko.

Kada a buɗe wa yara adireshin imel nasu. Gmail ba ya ba wanda bai kai shekara 13 ba damar buɗe akwati da kansa a yawancin ƙasashe. Komai ya bi ta akwatin malami, kuma ya karanta kowane saƙo, mai fita da mai shigowa. A karɓi izinin iyaye a rubuce. Sunan farko kawai yaro zai sa, ban da adireshin gida, lambar waya ko hoton fuska.

Wasiƙar farko ta ajin duka ce, a tsara ta tare a kan allo. Daga ta biyu ne kowa zai samu abokinsa. Da wuya adadin ya zo daidai. Idan naka 32 ne nasu 28, yara huɗu a can su ɗauki abokai bibbiyu.

A fara rubutawa a takarda. Yaron aji uku kan cinye darasi guda yana laluben haruffa a kwamfuta, har ya manta abin da zai faɗa. Kowace wasiƙa ta amsa abin da aka tambaya, ta ba da labari ɗaya, ta rufe da tambaya biyu waɗanda ba a amsa su da "e" ko "a'a". "Me kake yi lokacin tara?" ta fi "Kana son ƙwallo?" jawo magana. Malami ya gyara abin da zai rikita ma'ana kawai; in ya goge wasiƙar tas, muryar yaron ta tafi.

A haɗa wasiƙun duka cikin fayil ɗaya a aika rana ɗaya, kada ya wuce megabait 25 idan Gmail ne. In amsa ta yi jinkiri, a leƙa akwatin tarkacen saƙonni tukuna. Yaron da abokinsa bai zo makaranta ba ranar rubutu, malamin can ya sa wani ya rubuta masa ko da layi uku ne.