Kafin ku hau bas ku tsallaka iyakar Jamus

Duk lokacin da hutu ya matso, sai in ga 'yan'uwanmu da ba su wuce wata uku ko huɗu da sauka a Jamus ba sun fara turo hoton tikiti a zaurenmu na WhatsApp, wannan zai tafi Faris, wancan Amsterdam, wani kuma Viyana, kowa yana murnar arahar kujerar da ya samu. Ina jin daɗin ganin haka, domin wanda ya baro Kano ko Damagaram ko Kumasi ya zo har nan bai kamata ya ƙare shekarunsa tsakanin ɗaki da wurin aiki ba. Sai dai idan na tambayi mutum wace takarda zai riƙe a tafiyar, amsar da nake samu takan tayar mini da hankali, saboda ita ce amsar da ni ma na bayar shekarun baya, kafin a sauke ni daga mota da tsakar dare.

Sayen tikiti ba abin da za a daɗe a kansa ba ne. Tun da Jamus ta buɗe harkar bas na dogon zango a farkon 2013, kamfanoni irin su FlixBus suka haɗa kusan kowane babban gari da maƙwabtan ƙasashe, kuma a waya ake gama komai. A saya da wuri, a zaɓi tsakiyar mako idan da hali, a rubuta suna yadda yake a fasfo, sannan a duba wurin da motar ke tashi, domin a Kolon, alal misali, daga filin jirgin sama take tashi, ba daga bakin babbar tashar jirgin ƙasa ba.

Inda matsalar take shi ne maganar nan da sababbin zuwa ke yawan yi cewa Turai babu iyaka. Gaskiya ne ƙasashe 29 na cikin yarjejeniyar Shengen, wadda ta ɗage binciken yau da kullum a kan iyakokin da ke tsakaninsu, kuma duk wanda ke da izinin zama a Jamus yana iya ziyartar sauran na kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ziyara kawai ban da aiki. Amma dokar ba ta ce a tafi hannu rabbana ba. Mun taso muna ganin ana fita ta Jibiya a shiga Maraɗi, ko ta Illela a shiga Ƙonni, harshe da sanayya suna wuce da mutum, sai muka ɗauko wannan sabon muka zo da shi inda ba ya aiki. Jamus tana bincike a kan iyakarta da Ostiriya tun 2015, kuma daga 16 ga Satumba 2024 ta faɗaɗa binciken zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa. A iya abin da na gani da idona, bas na dogon zango yana cikin motocin da aka fi karkatarwa gefen hanya.

A shekarata ta farko na je Viyana na kwana uku. Na bar fasfona a cikin akwati a gida saboda tsoron kada ya ɓata, na riƙe katin zama kawai, domin wani da ya riga ni zuwa ya tabbatar mini cewa katin ya wadatar. Da tafiya babu wanda ya tambaye ni komai. A dawowa, wajen ƙarfe uku na dare, bayan mun wuce Salzburg da ke bakin iyakar Ostiriya da Jamus, sai motar ta rage gudu ta shiga ƙarƙashin wata babbar rumfa, aka kunna fitilun ciki, jami'ai biyu suka shigo suna bin kujera ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa kati, jami'in ya juya shi ya ce fasfo fa. Na nuna masa hoton fasfon a waya, ya girgiza kai ya ce in sauko da kayana. Direba ya buɗe ƙasan mota ya fito da jakata ya ajiye a kan kwalta, fasinjoji suna leƙowa ta taga, kuma ban kai ga rufe zip ɗin rigar sanyina ba motar ta ja ta tafi. Na zauna a kan benci a wani ɗaki har gari ya waye, aka ɗauki bayanaina, aka bincika a kwamfuta aka ga zamana halal ne, sannan aka sallame ni da gargaɗi. Kuɗin jirgin ƙasan da ya mayar da ni gida ya fi kuɗin bas ɗin zuwa da dawowa, kuma na rasa aikin wannan safiyar. Ba a wulaƙanta ni ba, kuma laifin nawa ne, domin dokar zaman baƙi ta Jamus ta wajabta wa baƙo riƙe fasfo mai aiki duk lokacin da zai shiga ko zai fita. Katin zama shaida ce ta izini, amma ba ya maye gurbin fasfo, don haka biyun ake haɗawa, kuma na asali, ba hoto ba.

Abin da ya fi wannan rikitar da mutane shi ne koriyar takardar nan mai ninki uku da ofishin baƙi ke bayarwa yayin da ake jiran sabon kati, wadda ake kira Fiktionsbescheinigung. Mutanenmu suna ɗaukarta kamar iri ɗaya ce, alhali a jikinta akwai gurabe, kuma gurbin da aka yi wa alama shi ne komai. Idan alamar tana kan sashe na 81 sakin layi na 4 na dokar zaman baƙi, ma'anarta tsohon izininka yana ci gaba da aiki har a yanke hukunci, kana iya fita ka dawo muddin kwanan takardar bai ƙare ba, tare da fasfo, kuma ina ba da shawarar a haɗa da tsohon katin, saboda ba kowane jami'i na wata ƙasa ya saba ganinta ba. Idan kuwa alamar tana kan sakin layi na 3, to takardar ta halatta maka zama a cikin Jamus ne kawai, kuma idan ka fita ba ta ba ka ikon dawowa. Na san wani ƙanenmu da ya tafi bikin suna a Brasels da irin wannan ta biyun, bai ko buɗe ta ya karanta ba, kuma wahalar da ya sha kafin ya koma ɗakinsa ta ninka tawa sau da yawa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne minti ɗaya ya isa a duba, kuma a zaurenmu akwai masu jin Jamusanci da za su karanta wa mutum kyauta.

Wanda ke jiran hukuncin neman mafaka, ko mai takardar Duldung, wato ta jinkirta korar mutum daga ƙasa, kada ya sayi tikitin ƙetare ko da kyauta aka ba shi, domin waɗannan takardu ba na tsallaka iyaka ba ne. Haka 'yan'uwanmu na Italiya da ke son kawo mana ziyara, rasidin sabunta izinin zama ba daidai yake da katin kansa ba, su jira katin ya fito. Sannan ganin sunan Landan a jerin garuruwan da bas ke zuwa bai sa Ingila ta shiga Shengen ba, biza daban take nema, haka ma Ailan. Suwizalan tana cikin Shengen amma ba ta cikin Tarayyar Turai, saboda haka akwai kwastan, kuɗinta daban ne, kuma kamfanonin waya da dama suna cajin intanet da tsada da zarar an shiga.

Akwai kuma maganar saƙo. A gida ba a ƙin karɓa, kuma wannan hali ne mai kyau, amma a kan iyaka duk abin da aka samu a jakarka naka ne. Idan ɗan'uwa ya ba ka ƙulli ka kai wa wani, ka ce masa ya yi haƙuri ya buɗe a gabanka, wanda kuma ba ka sani ba da ya tare ka a tasha, ka ba shi haƙuri ka wuce.

A hanya, direba ba ya ƙirga fasinja yadda ɗan kamasho ke yi a tasharmu. Idan ya ce minti goma sha biyar, to da cikarsu zai rufe ƙofa, don haka fasfo da waya da kuɗi su kasance a jikinka ko bayan gida za ka shiga, ka kuma tanadi 'yan tsabar kuɗi domin bayan gidan kan hanya yawanci biya ake yi. Ni nakan yi alwala kafin in hau, in yi ƙasaru in haɗa sallolin da ake haɗawa, domin ba kowace tsayawa ke ba da sarari ba.

Abin da nake alfahari da shi shi ne da wuya ka sauka a babban gari a wannan yanki ka rasa Bahaushen da zai karɓe ka, ya ba ka wurin kwana, ya kai ka masallacin Juma'a, matarsa ta tuƙa maka tuwo. Amma mutanen nan ma'aikata ne, wasunsu ƙarfe biyar na asuba suke fita, kuma ɗakunansu ƙanana ne. Ba daidai ba ne mutum ya kira daga tasha da ƙarfe ɗaya na dare yana cewa ga shi ya iso. A sanar da mai masauki mako guda kafin tafiya, a gaya masa ranar dawowa, a rubuta adireshinsa da lambarsa a takarda a sa cikin fasfo, domin jami'in kan iyaka yakan tambayi inda za a sauka, kuma sau da yawa a daidai wannan lokacin ne cajin waya ke ƙarewa.