Kurakuran da masu son zanen tsuntsayen ruwa suke ta maimaitawa

Na gaji da ganin mutum ya manna hancinsa a jikin zanen fentin ruwa yana ƙirga gashin balbela. Malam, ja da baya taku uku. Farin da ke jikinta takarda ce mai zanen ya bari, ya zagaye ta da launi. Duk wanda ya ce "ai bai gama ba" ya tona asirin kansa.

Babban kuskuren dai ni na tafka shi. Na sayi zanen zalɓe tsaye cikin kogi, can ƙasan gadar Kennedy ta Yamai, jikka 25, na rataye shi daidai taga don baƙi su gani. Bazara biyu kacal ranar Yamai ta cinye shi. Jan yammacin da ke kan ruwa ya fara kodewa, launin da ya kode kuwa ba ya dawowa. Da hunturu ya lulluɓe shi da ƙura, sai na ɗauko jiƙaƙƙen tsumma. Wayyo! Ashe ƙaro ne ke riƙe wannan fenti, irin wanda ake tsinka a dajinmu, kuma ruwa narkar da shi yake yi. Ƙafar zalɓen ta biyo tsumma ina ji ina gani. Yanzu ba na rataye zane sai a bangon da rana ba ta kaiwa, cikin gilas, da kwali tsakani don kada takarda ta manne. Damina in ta yi nisa, nakan buɗe baya in duba ko ya yi fumfuna.

Sai masu yabon abin da ba su sani ba. Haba jama'a! Zalɓe da balbela naɗe wuya suke yi in sun tashi, gauraka da shamuwa miƙe shi suke yi. Shamuwa kuma baƙuwar damina ce, in ka ga an zana ta cikin hazon hunturu, daga hoto aka kwafo ta. Mai zuwa Tawa ya ƙarasa tafkin Tabalak, ya zauna da sassafe ya ƙare musu kallo kafin ya buɗe baki.

Ku dubi inuwar tsuntsun cikin ruwa, can gwaninta take ɓuya.

In za a sayi zane, kada a fara da neman sa hannun mai zanen. Kafin ka biya kuma, karkata takardar wajen haske: wadda ta sha ruwa takan ɗan yi tudu da kwari, wadda inji ya buga kuwa sumul take.