Yadda Za Ka Samo Yadin Kambas da Katakon Firam Don Buga Hoto

Kafin ka fita neman yadin kambas, ka fara sanin irin tawadar da injinka na buga hoto yake sha, domin yadin da aka shafe don tawadar da ake haɗawa da ruwa ba ya karɓar tawadar eco-solvent (wadda ake haɗawa da sinadari maimakon ruwa) yadda ya kamata. Ka auna faɗin injin kuma, tunda bandir yakan zo da faɗin inci 24, 36, 44 ko 60.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi masu buga bana da allunan talla na garinku inda suke saro kaya, saboda dillalin da yake kawo musu leda da tawada sau da yawa shi ne mai kambas. Idan babu a kusa, akan aiko da shi a mota daga Shomolu da ke Legas, matattarar masu ɗab'i. Kada ka biya kuɗin bandir sai ka karɓi ƙyalle ka buga fuskar mutum a kai, sannan ka lanƙwasa gefensa da yatsa. Idan tawadar ta tsage ta bar farin layi, haka za ta yi a kusurwar firam.

Katakon kuwa aikin kafinta ne. A Kano, ka sayi busasshen katako a 'Yan Katako da ke Na'ibawa, domin ɗanye yana karkacewa da zarar hunturu ya shigo. Ka sa kafinta ya fere fuskar katakon ta gangara ciki, yadda yadin zai taɓa bakin waje kawai, kuma ya auna kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarori biyu, ya ga awon ya zo daidai, kafin ya kafa ƙusa.